Kifin Oto ya ƙi yin ƙwai: amsa ga mai koyon kiwon kifin ado

Ɗana, ka ce kana da kifin Oto guda huɗu a akwatin gilashi, sun share gansakukar da ke jikin gilashin ƙal, sun yi wata biyu ba su yi ƙwai ba, ɗaya ma ya mutu. Kana tambaya ko akwai maganin da ake zuba musu ko wata dabarar ruwa da ke sa su haihu.

Babu magani. Dabarar ruwa kuwa akwai, zan faɗa maka, amma ba ita ce matsalarka ba. Gilashin nan da ka ga ya yi tas kana murna, shi ne alamar abincinsu ya ƙare. Kifin da ke fama da yunwa ba ya yin ƙwai, kuma mafi yawan 'ya'yan Oto da ake ƙyanƙyashewa a gida yunwa ce ke kashe su tun ba su cika mako biyu ba.

Fara da tabbatar da abin da ka saya. Otocinclus, wato cikakken sunan Oto, ƙaramin ɗan dangin tarwaɗa ne na Kudancin Amurka, yana zaune a ƙoramu da gefen koguna masu ciyayi a Brazil, Peru, Kolombiya, Benezuwela har Ajantina. Masanin dabbobi Edward Cope ne ya sa masa wannan suna a 1871. Yawanci ba ya wuce santimita 4 zuwa 5, bakinsa na ƙasa yana manne wa ganye da gilashi. A shago ana yawan rikita shi da Gyrinocheilus na kudu maso gabashin Asiya, wanda ba tarwaɗa ba ne ma, yana wuce santimita 20 kuma idan ya girma yana cin zalin sauran kifi. Ana kuma sayar da 'ya'yan fileko, wani babban ɗan dangin tarwaɗa, da sunan mai cin gansakuka, wanda zai kai santimita 40. Ko a cikin Oto ɗin nau'i-nau'i ne. Waɗanda suka fi yawa a kasuwa su ne vittatus da macrospilus, ko da an rubuta musu affinis a jikin akwati. Dubi baƙin layin da ke gefen jiki da tabon gindin wutsiya, ka zaɓi masu zane iri ɗaya. Idan ka haɗa nau'i biyu za su zauna lafiya, sai dai wataƙila matanka nau'i ɗaya ne, mazan wani daban.

Guda huɗu, yanzu uku, sun yi kaɗan. A kogi garke-garke suke tafiya, idan ba su da yawa sai su yi ta ɓuya, su rage ci. Ka kai su takwas zuwa goma, ya kasance maza sun fi yawa, kamar biyu ga kowace mace. Ana gane su idan sun manne a gilashin gaba: mace ta fi tsawo da faɗin ciki, namiji siriri ne ƙarami. Wannan kallon ciki shi ne babban aikinka na kowace safiya. Cikin lafiyayyen Oto a zagaye yake, fari, ya ɗan turo. Wanda cikinsa ya shafe ko ya lotsa, kada ka saye shi komai araharsa. Yawancin waɗanda ake sayarwa daga kogi aka kamo su, sun yi kwanaki a hanya babu ci, kuma wanda yunwar ta yi wa nisa sau da yawa ba ya farfaɗowa ko da an cika masa akwati da abinci. Shi ya sa sababbi ke mutuwa a watan farko. Ka ware su mako uku zuwa huɗu kafin ka haɗa su da na gida.

Akwatin haihuwa ya zama nasu su kaɗai. Mai tsawon santimita 60, lita 55 zuwa 60, ya isa. Abin da ya fi girmansa muhimmanci shi ne tsufansa: ya yi wata biyu ko uku yana aiki da ruwa da tsirrai kafin kifi ya shiga, har ka taɓa ganye ko itace ka ji santsi. Santsin nan tarin ƙananan halittu ne da gansakuka mai laushi, shi ne ainihin abincin Oto, manya da yara. A ƙasa sa yashi mai laushi da aka wanke, kaurin santimita ɗaya ko biyu. Sa guntun itacen ruwa, da tsirrai masu faɗin ganye, don a kansu ake manna ƙwai: Anubias, Echinodorus, Cryptocoryne. Anubias barteri ma asalinsa dazuzzukan kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru ne, yana jure ƙarancin haske. A ɗaure shi a itace da zare, idan ka binne kaurin gindinsa a yashi zai ruɓe. Jefa busasshen ganye biyu na Terminalia catappa, bishiyar nan mai faɗin ganye da ake shukawa don inuwa a makarantu da ofisoshi. Ka tsinci wanda ya faɗo da kansa ya bushe, daga inda ba a yi feshi ba. Ruwa zai ɗan yi ja, ba komai.

Na'urar tace ruwa ta zama ta soso kawai, mai aiki da famfon iska. Duk wadda ke zuƙar ruwa da ƙarfi za ta haɗiye yaran. Idan soson ya toshe, matse shi a cikin ruwan da ka ɗebo daga akwatin, kada ka kai shi bakin famfo, don kulorin zai kashe ƙwayoyin da ke tace ƙazanta. Ka tanadi famfon iska mai batir saboda ɗauke wuta. Oto yana da wata 'yar jaka a hanyar abincinsa da yake haɗiyar iska a ciki, shi ya sa za ka ga ya haura sama ya dawo. Sau ɗaya-ɗaya ba laifi. Idan duka suna ta yi, iska ta ƙare a ruwan.

Ma'aunin ruwa: zafi digiri 23 zuwa 26, pH (ma'aunin tsamin ruwa) tsakanin 6.5 da 7.2. Sinadaran da ƙazantar kifi ke haifarwa kuwa, amoniya da naitirait su zama sifili, naitiret ƙasa da miligiram 20 a lita. Sayi kayan gwaji na ɗigo, sun fi na takarda gaskiya. Ruwan famfo sai an kashe masa kulorin. Ruwan burtsatse a gwada taurinsa, wato yawan gishirin ƙasa da ke narke a cikinsa, idan ya yi tauri a gauraya shi rabi da rabi da ruwan sama, amma ba na farkon damina da ya wanke kwano ba. Zafin bazara shi ne babban abokin gabarka. Daga Maris zuwa Mayu ruwan akwati a ɗaki yana haura digiri 30, iska ta ragu a ciki, kifin ya rame. A wannan lokaci manta da haihuwa, ka ceci rai kawai: buɗe murfi, sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwa, za ta sauke digiri biyu zuwa uku. Ruwan da ya ƙafe kuma a cike gurbinsa da ruwa mai laushi, wato marar tauri, domin gishirin cikinsa ba ya bin tururi, taruwa yake yi. Lokacin aiki shi ne tsakiyar damina da lokacin hunturu, sai dai a daren hunturu ka duba kada ya sauka ƙasa da 21.

Yanzu abinci, inda nake so ka fi natsuwa. Oto ba kowace gansakuka yake ci ba. Yana cin mai launin ƙasa da ke lulluɓe sabon gilashi, da koriya mai laushi. Baƙa mai kama da gashi, da koren ɗigo mai tauri, ba ya iya kankare su. Kifi goma za su cinye abin da akwati mai lita 60 ke fitarwa cikin 'yan kwanaki, saboda haka dole ka yi noman gansakuka a waje. Samo duwatsun kogi masu sulɓi kamar ashirin, ɗiga wa kowanne ruwan kal, wanda ya yi kumfa ka jefar, zai taurara maka ruwa. Wanke sauran, jera su a faffaɗar roba, zuba tsohon ruwan da ka cire daga akwati har ya rufe su, ajiye inda ranar safe ke samu. Rufe da gidan sauro, don kada sauro ya yi ƙwai, kuma tsutsar mazari idan ta biyo dutse ta shiga akwati sai ta cinye yaran. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za su yi kore. Sa uku ko huɗu a akwati, idan an share su ka mayar ka ɗauko wasu. Wannan robar ta fara aiki tun kafin ka ga ƙwai ko ɗaya.

Ƙara musu da ganye: yankan kokwamba ko kabewa, ko ganyen alayyafo da aka wanke sosai, a tsoma a tafasasshen ruwa minti ɗaya, a bar shi ya huce, a danne da ƙaramin cokalin silba don ya nutse. Sa da yamma, cire kafin ya kwana biyu, in ba haka ba ya ruɓe ya ɓata ruwa. Kwanakin farko ba za su kula shi ba, ba su san abinci ne ba. Ci gaba da sawa a wuri ɗaya har ɗaya ya gane, sauran za su bi. Garin sifirulina, wata irin gansakuka da ake busarwa, da abinci mai daskarewa irin Repashy Soilent Green suna aiki sosai idan ka samu. Sau biyu a mako jefa ƙaramar ƙwayar abincin kifi mai nutsewa, domin mace na buƙatar ɗan furotin kafin ta tara ƙwai. Bayan mako uku zuwa huɗu a haka za ka ga cikin matan ya cika ya yi faɗi.

A nan ne dabarar ruwa take shigowa. A ƙasarsu farkon ruwan sama ke tayar da su, lokacin da sabon ruwa mai sanyi da laushi ya kwararo. Kai ma haka za ka kwaikwaya. Da yamma cire kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na ruwan, ka mayar da wanda ya fi shi sanyi da digiri biyu zuwa uku, a hankali ta siririn tiyon iska. Ba sai ka nemi ƙanƙara ba, ruwan da ya kwana a tsohuwar randa mai tsabta ya wadatar, amma auna shi da ma'aunin zafi, kada ka dogara da yatsa. Ƙara ƙarfin iska kaɗan. Maimaita bayan kwana biyu, har sau uku ko huɗu. Idan shiru, dakata mako biyu ka koma ciyarwa. Idan ranar ta dace da haɗuwar hadari, ya fi.

Alamar an dace ita ce maza su fara bin mace ko'ina, suna zungurarta. Namiji zai lanƙwashe jikinsa a gaban kanta, ita ta sa baki a cikinsa, irin yadda Corydoras, wani ƙaramin ɗan dangin tarwaɗa, ke yi. Sai ta je ta manna ƙwai kaɗan a ƙarƙashin ganye ko jikin gilashi, ta dawo su sake, na tsawon sa'o'i. Ƙwan bai kai milimita biyu ba, yana da ɗan launin rawaya-rawaya, kuma a warwatse yake, sai ka haska da tocila kana ɗaga ganye. Kada ka jira gadi. A wajen ɗan uwansa Ancistrus ne namiji ke shiga rami ya tsare ƙwai, Oto yana zubawa ya yi gaba. Iyayen da suka ƙoshi ba su cika taɓa ƙwai ko yara ba, don haka a akwatin da babu wani kifi gara ka bar komai a inda yake. Dodon koɗi ne za ka tsince. Ƙwan da ya yi fari fat bai samu namiji ba, zai yi fumfuna ya shafi na kusa, cire shi da tsinke ko ka yanke wurin ganyen. Idan dole ka kwashe, yanko ganyen gaba ɗaya ka kai ƙaramin mazubi da ruwan akwatin da iska kaɗan, kada ka kankare ƙwan da farce.

Suna ƙyanƙyashewa cikin kwana biyu zuwa huɗu gwargwadon zafi. Yaran sirara ne, kusan ana ganin ta cikinsu, suna rataye a gilashi kwana biyu ko uku suna shan gwaiduwar cikinsu. Ranar da gwaiduwar ta ƙare suka fara rarrafe, abinci ya kasance a ƙarƙashin bakinsu, don ba su iya tafiya nesa neman sa, kuma cikinsu bai kamata ya zauna wayam ba ko na rabin yini. Wannan ne ya sa na ce kada ka kai su sabon akwati mai tsabta da sunan kulawa. Daina goge gilashin baya da na gefe. Warwatsa duwatsu masu kore a kowace kusurwa. Dama garin sifirulina ɗan kaɗan da ruwa, shafa siriri a busasshen dutse, bar shi ya bushe, sannan ka sa, zai manne ba zai dagula ruwa ba. Daga mako na biyu za su hau kokwambar da ta yi laushi.

Yawan abinci yana jawo ƙazanta, yaran kuwa ba sa jure canji babba. Saboda haka kashi 10 cikin ɗari kowace rana ko bayan kwana biyu, da ruwa mai zafi ɗaya da na akwatin. Zuƙo ta siririn tiyo zuwa farar roba, ka duba ciki da kyau kafin ka zubar, kusan kullum za ka tarar da ɗa ɗaya ko biyu. Kada gishiri ko maganin da ke da tagulla ya shiga wannan akwati. Kada kuma ka kama Oto da raga mai manyan ido, jikinsa da fukafukansa suna da ƙananan ƙayoyi da ke sarƙewa, kora shi cikin kofi ka ɗaga.

Idan yara suna mutuwa, lokacin mutuwar zai nuna maka dalili. A kwana uku na farko, ruwa ne ko zafi. Daga kwana na biyar zuwa na goma sha huɗu da shafaffen ciki, yunwa ce. Da safe bayan daren da aka ɗauke wuta, iska ce. Waɗanda suka wuce wata ɗaya yawanci sun tsira, layin gefensu ya fito. Kada ka sayar ko ka raba su sai sun kai santimita biyu da rabi kuma ka gani da idonka suna cin kokwamba da abincin kifi na kanti, domin akwatin mai saye ba lallai ya kasance da gansakuka ba. Ka ajiye mafi ƙiba goma daga cikinsu su zama iyayen gaba, kana sako musu sabon jini daga waje lokaci-lokaci.