Ina son zama ungozoma: jami'a zan nufa ko makarantar ungozoma?

Saƙonni huɗu na zaɓo a wannan makon, duk a kan karatun ungozoma, kuma duk daga karkarar Kano da Jigawa. Na taƙaita su, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Anti, na gama sakandare bana a wani gari kusa da Ringim, ina da kiredit a duk darussan kimiyya. Burina in zama ungozoma mai digiri, amma yayana ya ce in haƙura da jami'a in nemi makarantar ungozoma ta Birnin Kudu, wai ta fi sauri da sauƙin kuɗi. Wanne zan ɗauka?

'Yata, Allah ya sa wa karatunki albarka. Fara riƙe wannan: abin da ke ba mace ikon yin aikin ungozoma a asibitin Najeriya shi ne lasisin Majalisar Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, wato NMCN. Wadda ta ci jarrabawar majalisar ita ake rubuta wa RM, wato ungozoma mai rajista, a bayan sunanta, ko daga jami'a ta fito ko daga kwaleji. Hanyarki da ta yayanki duk ƙofa ɗaya suke nufa, bambancin yana wajen tsawon tafiya da abin da za ki tarar a gaba.

A yawancin jami'o'inmu digirin da za ki nema shi ne na kimiyyar jinya, BNSc, karatun ungozoma yana cikinsa. Shekara 5 ne idan ta JAMB kika shiga, kuma darussan da za ki zana su ne Turanci, Bayoloji, Kimistiri da Fizis. Jami'ar Bayero tana da wannan sashe, ɗalibanta suna koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kina cikin karatun za ki zana jarrabawar majalisa ta jinya, RN, daga baya ki zana ta ungozoma. Bayan kin fito akwai shekarar horon aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa. Kin ga shekara 7 ke nan, idan ba a shiga yajin aiki ba. Guraben kuma kaɗan ne, masu nema sun ninka su nesa ba kusa ba, don haka maki mai kyau kawai ba ya isa, sai mai kyau sosai. Ladan wannan wahala shi ne za ki fara aiki a mataki na sama, hanyar digiri na biyu a buɗe take, kuma wata rana ke ce za ki koyar da wasu ko ki shugabanci ɗakin haihuwa.

Makarantar ungozoma a tsohon tsari shekara 3 ce. Yanzu kwalejoji da dama sun koma tsarin difloma da babbar difloma, ND da HND, shekara biyu-biyu, su ma ta JAMB ake shiga, saboda haka ki nemi sanarwar ɗaukar ɗalibai ta bana ki karanta da idonki, kada ki tsaya a kan labarin wadda ta gama shekarun baya. Shiga kwaleji bai rufe miki ƙofar digiri ba. Mai RM kaɗai takan ƙara wata 18 ta samu RN, mai RN kuma tana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, ko ta yi digirin a jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana aikinta tana ɗaukar albashi.

Shawarata, ki cike duka biyun a fom ɗinki na JAMB. Idan makin ya kai, kuma gida zai iya ɗaukar ki shekara 5 ba tare da an taɓa abincin da ke rumbu ba, ki tafi jami'a, kada ki waiwaya. Akwai kuma bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati, babu ruwa a kansa, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ki zauna a gida shekara biyu ko uku kina maimaita JAMB don lallai sai digiri. Duk mun san yadda zaman nan yake ƙarewa ga 'ya mace a ƙauye: karatun ya yi sanyi, manema su yi yawa, maganar makaranta ta bi ruwa. Idan jami'a ba ta samu a karon farko ba kuma kwaleji ta kira ki, ki amsa.

Ina matsa miki ne saboda yankinku yana jiran irinku. Tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF take aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari a Babban Asibitin Jahun, ba nisa da ku, kuma da yawa daga matan da ake kai wa can sun kwana suna naƙuda a gida kafin a nemi mota. Doguwar naƙuda, zubar jini bayan haihuwa, jijjiga, su ne ke ɗauke mana mata. Ungozomar da ke ƙaramin asibitin gari, wadda ta auna jini a wajen awo ta ga ya hau, ta san lokacin ba da allurar tsayar da jini, ta san lokacin da za ta ce a tafi babban asibiti yanzu, ita ce ke tare abin tun bai yi nisa ba. Idan 'yar garin ce, mai jin yaren mutane, mazan ma sun fi sakin jiki su bar matansu su zo.

Ni manomi ne a ƙasar Ƙaraye. Wani ya kawo mana fom na wata makaranta mai zaman kanta, ya ce babu JAMB, babu jarrabawar shiga, shekara biyu 'yata ta fito da takardar ungozoma. Kuɗin da yawa, sai na sayar da shanun huɗata. In sayar?

Malam, don Allah ka dakata da kai shanun nan kasuwa. Akwai makarantu masu zaman kansu na ƙwarai, amma wadda ta aiko ɗan kamasho ƙauye yana alkawarin babu jarrabawa, dole a bincike ta sosai. Majalisar NMCN tana wallafa sunayen makarantun da ta amince da su a shafinta na intanet. Ka sa wani yaro mai waya ya duba maka, ko ka je Ma'aikatar Lafiya ta jiha, sashen ma'aikatan jinya, ka tambaya. Ka lura da wani abu da ke ruɗa iyaye: makaranta na iya samun izinin koyar da wani kwas na lafiya, amma ba ta da na ungozoma. Izinin kowane kwas daban yake.

Ko da sunanta yana ciki, da sauran bincike. Majalisa tana ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, sannan ta ba kowace ɗaliba lambar rajista tun farkon karatu. Wadda ba ta da lambar nan ba za ta zana jarrabawar majalisa ba, ko da ta shekara nawa tana sa fararen kaya. Wasu makarantun sukan ɗibi ɗalibai fiye da ƙima, su karɓi kuɗi, ragowar su yi ta jira. Ka taka da ƙafarka ka je makarantar, ka samu 'yan ajin ƙarshe a waje, ba a ofis ba, ka tambaye su ko sun samu lambarsu, a wane asibiti suke koyon aiki, kuma 'yan bara su nawa suka karɓi lasisi. Idan za ka biya, ka biya a asusun makaranta ka karɓi rasit, kada ko sisi ya bi ta hannun wanda ya kawo fom.

Karatun ungozoma na shekara biyu na gaskiya akwai shi, shi ne na ungozomar karkara, wanda galibi ƙaramar hukuma ke turo 'yan yankinta da sharaɗin su dawo su yi aiki a gida. Lasisinsa bai kai RM ba, amma halastacce ne kuma ana ɗorawa a kansa. Ka leƙa sashen lafiya na ƙaramar hukumarku ka ji ko suna turawa.

Game da shanun kuwa, kuɗin makaranta ba sau ɗaya ake biyansa ba. Idan ka sayar da abin huɗa don shekarar farko, da me za ka noma na shekara ta biyu? Gara makarantar gwamnati da za ka iya biya da kaka, daga masara ko gyaɗa ko ɗan tumakin da ke gida.

Ina da aure da yara biyu, muna zaune a wajen Gwaram. Maigida ya amince in koma karatu, amma ba ni da kiredit a Fizis. An ce in yi CHEW kawai, wai duk ɗaya ne da ungozoma.

Ƙanwata, ki gaishe min da maigidan, ya kyauta. Amma ba ɗaya ba ne. CHEW, wato ma'aikacin lafiyar al'umma, aiki ne mai daraja, su ne ke riƙe da yawancin ƙananan asibitocinmu, sai dai hukumar da ke yi musu rajista daban ce, kuma horonsu ya shafi lafiyar al'umma gaba ɗaya, haihuwa ɓangare ce kawai a ciki. Idan zuciyarki tana ɗakin haihuwa, ki gyara Fizis ɗin. Ana neman kiredit biyar, Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fizis, kuma an yarda a haɗa sakamakon zama biyu. Ki yi rajistar WAEC ko NECO ta 'yan waje, ki samu malamin sakandaren garinku ya riƙa yi miki bita. Shirin Women for Health da Birtaniya ta tallafa daga 2012 ya kawo ajin share fage a jihohi irin su Jigawa da Kano saboda mata irinki, 'yan karkara da sakamakonsu bai cika ba. Ki tambaya a kwalejin Birnin Kudu ko ana ɗaukar 'yan wannan aji a bana.

Sannan ku zauna da maigida da surukarki tun yanzu a yi maganar da ta fi Fizis wuya. Akwai kwanan makaranta, akwai aikin dare, akwai turawa asibitin wani gari na makonni. A san wanda zai riƙe yaran, a kuma tambayi makaranta dokarta idan ciki ya samu ana tsakiyar karatu. Amincewar da aka yi ba a san da waɗannan ba takan yi rauni a shekara ta biyu.

Na samu gurbi a makarantar ungozoma ta Dambatta. Wani mai shago a Kano ya ce in sayi akwatin kayan aiki gaba ɗaya. Me ya zama dole?

Barka, 'yata. Kada ki sayi akwatin. Ki jira takardar da makaranta za ta ba ki, musamman kan yadi da ɗinkin kayan makaranta da hijabi, don kowace tana da nata tsari. Takalmi ne wurin da ba a neman araha, saboda a tsaye za ki wuni. Sai agogon maƙalawa a ƙirji mai hannun daƙiƙa, abin sauraren bugun zuciya matsakaici, abin awon jini na hannu wanda ake matsawa, domin da shi za ki koyi aikin, da ma'aunin zafin jiki, da tef na awon ciki, da ƙahon nan na sauraren zuciyar jariri, wanda ba shi da tsada. Na'urar sauraren jariri mai batir da kwamfuta duk su jira, wayarki ta isa a shekarar farko. Littafin karatun ungozoma na Myles kuwa ki nema a hannun 'yan ajin gaba, bugun da bai tsufa sosai ba. Ki haɗa da tocila mai kyau. Kuɗin da ya rage ki kai shi asibiti a gwada ki, a fara yi miki rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin a tura ku ɗakin haihuwa. Allura uku ce, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida, kuma ki tabbata kin cika su.