Kunyar ɗan fari a ɗakin haya

Ɗana, saƙonka ya iso, barka da arziki, Allah ya raya mana shi ya ba mai jego lafiya. Ka ce abokanka Hausawa na Bur Sudan suna ta tsokanarka wai ka zama mijin ta ce don an gan ka kana wanke-wanke da yaro a kafaɗa, shi ne kake tambaya ko ka karya al'ada ne tunda ɗan fari ne, ita kuma matarka 'yar Shandi, garin nan na arewacin Khartum, da ka faɗa mata a wurinmu uba ba ya ɗaukar ɗan fari a gaban mutane sai ta riƙe baki.

Toh haka muka taso kam. Kai ma ai ɗan fari ne, babanka Allah ya jiƙansa har ya bar duniya ban taɓa jin sunanka a bakinsa ba, sai dai yaron nan, mahaifiyarka kuwa tana ba ka nono aka yi sallama sai ta ajiye ka kamar ba nata ba. Amma wa ya goya ka? Ni gwaggonka. Ana yaye ka aka miƙo min kai. A gidanmu na Mai Wurno, garin nan kusa da Sinnar da kakanninmu suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903, mai girki daban mai daka daban, kaka na tsakar gida jikoki sun kewaye ta, yaro bai isa ya yi kuka sau biyu ba wani ya sunkuce shi. Kunya ba ta da wuya in akwai wanda za ka miƙa wa yaron. Kai wa za ka miƙa wa? Ni ina Gadarif gwiwa ta kafe ni, habobarsa, wato kakar yaron, yaƙi ya kai ta Alƙahira tun 2023, daga kai sai ita a ɗaki ɗaya, ko arba'in ba ta yi ba. Ka ɗauki ɗanka wallahi, ka wanke kwanukan ka ɗora mata shayi.

Su masu dariyar kuma, wa ke gasa agashe, tsiren nan, a bakin kasuwa, ba mazanmu ba ne? Su yanka nama su yanka albasa su wanke faranti har tsakar dare don kuɗi, sai a gida ne abin ya zama kunya. Nana A'isha da kanta ta ba da labarin Manzon Allah (SAW) yana taya iyalinsa aikin gida. Kuma kar ka ɗauka dangin matarka sun fi mu a nan, shekaruna nawa cikinsu ban taɓa ganin namiji tsugune gaban kaskon kisra, wainar dawan nan mai faɗi, ba.

Maganar wankan jego kar ka matsa mata. Ni na yi, safe da yamma ruwa na tafasa ana fyaɗa min ganyen darbejiya, a bi da kunun kanwa, na sha wuya ba kaɗan ba, kuma tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta zafin nan da yawan kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Balle ku da ruwa ma da jarka kuke saye, tun da madatsar Arba'at mai ba garinku ruwa ta fashe a 2024 abin ya ƙara tsanani. Ta yi wanka da ruwan ɗumi, ta sha madida, kunun hulba irin nasu, dukhan ɗinta kuma, wato turara jiki da hayaƙi, ta bari sai ta warware.

Abu ɗaya ne ban yafe ba. Na ji sunan babanka ka sa masa ranar simaya, wato ranar suna, toh ku nemo masa laƙabi, Abba ko Khalifa, ita ma ka koya mata, kar in zo in ji kuna kwaɗa wa ɗan'uwana kira gatsal a tsakar gida.