Amsa ga ɗan'uwan da maƙwabci ya toshe wa kwata

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce maƙwabcinka ya ɗora shago a kan kwatar layinku, ruwa na komowa ƙofar gidanka, ka yi wa sauran maƙwabta magana kowa ya ce ba ruwansa, shi ne kake tambaya ko ka kai ƙara ko ka bar unguwar. Kada ka yi ko ɗaya tukuna. Shekarata 17 a wani layi a Tudun Wadan Zariya, kuma wannan tuwon mun ci shi har ya gundure mu.

Namu mutumin kankare ya zuba ya rufe kwata don motarsa ta riƙa shiga gida. Da rani ba wanda ya kula. Da ruwan Agusta ya kankama, ruwan da ya saba gangarawa ya nufi kogin Kubanni sai ya rasa hanya, ya kwanta a layi. Ya jiƙa gindin katangar wata dattijuwa, ginin ƙasa ne, ta zube cikin dare. Allah ya tsare rai. Sauro kuwa sai abin da ya ƙaru, kusan kowane gida akwai yaron da ke kwance da zazzaɓi. Abin da ya fi tayar mini da hankali rijiyoyinmu ne, domin ƙazamin ruwa in ya daɗe kwance yana tsatsafawa cikinsu, kuma ta nan amai da gudawa ke shigowa unguwa.

Na daɗe ina ɗora wa mutumin nan laifin duka. Daga baya na gane rabin laifin namu ne. Gidaje sun haura 20 a layin, kowa na gunaguni a ƙofar gidansa, amma ba wanda ya taka ya same shi. In kun haɗu a masallaci sai gaisuwa da fara'a, "Alhaji ina gajiya", a rabu. Kowa na gudun a ce shi ne ya fara. To mai son kansa da wannan shirun yake kiwo.

Kuma kada ka yi saurin cewa maƙwabtanka ba su da kirki. Bincika abin da ya kashe musu gwiwa. Mu kuɗin gyaran taransfoma ne. An taɓa bin gida-gida an tara, aka yi gyaran, amma har yau ba wanda ya tsaya ya ce ga abin da aka samu, ga abin da aka kashe. Wataƙila ko kwabo ba a ci ba, sai dai zargi ya riga ya shiga zukata, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ga kuma 'yan haya. Zariya garin karatu ne, tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 baƙi ke zuwa, mu da ke kusa da harabar jami'ar ta Kongo layinmu cike yake da ɗalibai da ma'aikata. Ba ma gayyatar su suna, ba ma shawara da su, sai ranar karɓar kuɗi ake ƙwanƙwasa musu ƙofa. Yaya za su ɗauki unguwar tasu?

Ni a cikin birni na tashi, wajen Ƙofar Doka. Kafin damina gayya ake yi, a yashe kwata, a taya mai rauni yaɓen katanga, mata su dama kunu. Ba don mutanen da sun fi mu tsarki ba ne. Sanin juna ne: in ka ƙi fitowa, tun daga kakanka an san gidanku, kunya kaɗai ta ishe ka.

Ga yadda muka yi. Ba mu kira taro ba, don mun san ba za a zo ba. Mu biyar muka fito ranar Asabar da sassafe da shebur da manjagara da baro, muka yashe kwatar tun daga bakin layi har inda kankaren ya tare. Duk mai wucewa ya ga inda ruwan ya tsaya da idonsa, ba sai an ambaci sunan kowa ba. Asabar ta biyu mun kai goma sha ɗaya, har da ɗalibai biyu.

Sannan muka sami liman da mai unguwa. Bayan sallar isha'i muka je gidan mutumin, su biyu da ni, ba a gaban jama'a ba, domin babban mutum in ka tsinka shi a bainar jama'a ko ya san gaskiya ba zai karɓa ba. Liman ya tuna masa hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce Jibrilu bai gushe yana masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Mu kuma ba mu ce ya daina shigar da mota ba. Cewa muka yi a fasa kankaren a sa ƙaramin kwalbati, mota ta bi sama, ruwa ya bi ƙasa. Ya ja ƙafa wata biyu, daga baya ya biya rabi, muka haɗa rabi. Kowace naira da ta shigo da wadda ta fita mun rubuta a takarda mun manna a bangon masallaci. Wallahi takardar nan ta fi duk wata nasiha aiki.

Ƙara kuwa ka bar ta can ƙarshe. Shari'a tana ƙarewa, amma gobe da safe shi za ka fara gani, gabar kuma ta sauka kan matanku da 'ya'yanku. In liman da mai unguwa sun gaza, akwai dagaci da hakimi, akwai 'yan duba-gari na ƙaramar hukuma, kuma ku je ku da yawa, kada ka tafi kai kaɗai.

Har yanzu akwai gidaje uku a layinmu da ba sa ba da ko sisi, mun ƙyale su, muna yashe ƙofarsu tare da tamu. Ka faɗa mini gida nawa ne a layinku, kuma shi mai shagon gidansa ne ko haya yake, domin in haya ne, mai gidan za ku fara nema.