Asalin sunan ƙauyen Lower Slaughter

Malam, ka tambaya ko sunan ƙauyen Lower Slaughter na Gloucestershire a Ingila daga wani kisan gilla ya samo asali, tunda "slaughter" a Ingilishin yau na nufin yanka ko kisa. Ko kusa. Tushensa kalmar tsohon Ingilishi ce, "slohtre", wato wuri mai taɓo, kuma har yau ƙoramar Eye na ratsa ƙauyen. A kundin Domesday na 1086, wato littafin ƙididdigar filaye da dukiyoyin Ingila, an rubuta sunan Sclostre.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne fassara suna da rubutunsa na yanzu. A wancan zamani babu tsayayyar ƙa'idar rubutu, magatakarda yadda kunnensa ya ji yake rubutawa, shi ya sa tsohon rubutu ake fara nema. In binciken makaranta kake yi, tuntuɓi masanan English Place-Name Society, ƙungiyar nazarin sunayen wuraren Ingila da ke Jami'ar Nottingham.