Tambaya da Amsa: Gano ƙaramin hafsa a takardun sojan lokacin yaƙi

Tambaya: Assalamu alaikum. A cikin kayan da kakanmu ya bari akwai wata takardar shaida ta lokacin yaƙin Bama, wadda wani Bature ya sa wa hannu. Abin da ke karantuwa shi ne sunansa na ƙarshe, da harafi ɗaya a gabansa, sai "Lt" (wato Laftanar) da "7 NR". Ta yaya za mu san ko wane ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka fara da sunan, domin suna kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Laftanoni masu suna iri ɗaya sun yi yawa a sojan Birtaniya tsakanin 1939 da 1945. Abin da ke hannunka mai daraja shi ne wannan "7 NR" ɗin. Ma'anarsa bataliya ta 7 ta Rundunar Najeriya, wadda ita da ta 6 da ta 12 suka haɗu suka zama Birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, aka tura su cikin dakarun Chindit, wato dakaru na musamman da suka yi yaƙi a bayan layin Japanawa a Bama, a 1944. Duba takardar da kyau ko akwai kwanan wata, ko da shekara ce kawai.

Kowace bataliya tana da littafin da ake rubuta abin da ya faru kullum a lokacin yaƙi. Waɗannan littattafai suna gidan adana takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew, a Landan. Na lokacin da sojoji suke Afirka ta Yamma suna ƙarƙashin lamba WO 173, na Indiya da Bama kuma WO 172. Yawancinsu ba a ɗora su a intanet ba, sai dai ka nemo lambar fayil a kundin gidan, sannan ka biya a ɗauko maka hoto ko ka sa wani ya je ya duba. A cikinsu ana ambaton hafsa da sunansa ranar da ya iso, ko ya fita sintiri, ko aka kai shi asibiti, alhali ƙananan sojoji galibi adadinsu kawai ake rubutawa. Wannan abin takaici ne ga masu neman kakanninsu, amma ga mai neman hafsa sa'a ce. Ka dage a ɗauko har da takardun da aka liƙa a bayan kowane wata. A nan ne sau da yawa ake samun jerin hafsoshin bataliya, kowa da cikakkun haruffan sunansa, da lambarsa, da rundunarsa ta asali.

Wannan rundunar ta asali ita ce inda mutane da yawa ke ɓata. Da yawa daga cikin Turawan da suka jagoranci sojojin Afirka ta Yamma aro aka yi su daga rundunonin Birtaniya, har da wasu hafsoshin Poland. Saboda haka idan ka nemi mutuminka a ƙarƙashin Rundunar Najeriya kawai, za ka iya tashi a tutar babu. A takardu za ka ga sunan rundunarsa ta gida, sai kalmar "attd" a bayanta, wato an jingina shi ga wata.

Da zarar ka sami lambar, aikin ya yi sauƙi. Jaridar London Gazette, wadda ke fitowa tun 1665, tana buga sunan duk wanda aka ba muƙamin hafsa, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu tana sa lambarsa a jikin sunan. Ana bincike a shafinta kyauta. Rubuta lambar kaɗai, ban da suna. Idan ba ta fito ba, sake gwadawa da suna da haruffansa, domin na'urar da ta karanta tsofaffin shafukan takan rikita 3 da 8, ko 1 da 7. Daga nan ka gwada abin da ka samu da littafin Army List, wato jerin hafsoshin sojan Birtaniya, wanda ɗakin karatu na ƙasar Scotland ya ɗora na shekarun yaƙin a intanet. Idan lamba da runduna da kwanan wata suka dace a wurare biyu daban, to ka kama mutuminka. Idan ɗaya ya saɓa, ka riƙe shi a matsayin zato tukuna.

Kada bambancin muƙami ya ruɗe ka. Mutum ɗaya zai iya zama "W/S Lt" a wata takarda, "A/Capt" a wata, "T/Capt" a ta uku, duk cikin shekara guda. Na farko shi ne muƙaminsa tabbatacce har yaƙi ya ƙare, na biyu riƙon ƙwarya, na uku na wucin gadi, wanda ake samu bayan wata uku ana riƙon. In ya bar kujerar, yana iya komawa Laftanar.

Tambaya: Ina da wani tsohon hoto na Turawa uku tsaye cikin sojoji baƙar fata. Yaya zan bambance hafsa da wanda ba hafsa ba?

Amsa: Hajiya, dubi kafaɗa kafin ki dubi fuska. Anini ɗaya Laftanar na biyu ne, biyu cikakken Laftanar, uku Kyaftin. Kambi a kafaɗa Manjo ne, amma kambi a ƙasan hannun riga, kusa da wuyan hannu, Saje-Manjo ne, ba hafsa ba. Igiya uku a dantse Saje ne. Wannan yana da muhimmanci domin kowace bataliya tana da Turawa saje-saje, kuma mutane kan ɗauka duk Baturen da ke hoto hafsa ne. Ɗauki hoton da na'urar sikana, ki ƙara girmansa a kwamfuta, ki nemi tambarin da ke saman hannun riga. Baƙin gizo-gizo na Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ne, mashi biyu a gicciye kan gammo na ta 82, kuma dukansu an kafa su a 1943. Idan a daji aka ɗauki hoton, mai yiwuwa ba za ki ga anini ba, don akan cire su saboda maharban abokan gaba. Juya bayan hoton kuma, rubutun fensir yakan fito idan aka haska shi daga gefe.

Tambaya: Wanda nake nema Laftanar ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma na kasa samun lambarsa. Ina kuskurena?

Amsa: Babu kuskure, Malam. A wancan yaƙin hafsoshin Birtaniya ba su da lambar soja, sai wanda ya fara daga ƙasa kafin a ba shi anini, shi ma tsohuwar lambarsa ce. Ka nemi fayil ɗinsa a Kew cikin WO 339 ko WO 374, littafin bataliyarsa kuma a WO 95. Kada ka yi mamaki in fayil ɗin ya zo ba kauri, domin manyan fayilolin sun ƙone a harin bam na 1940 a Landan, ƙarin takardu ne suka tsira. Katin lambobin yabo yana WO 372. Hafsa sai ya nemi lambar yabonsa da kansa ake ba shi, shi ya sa wasu ba su da kati, waɗanda suke da shi kuma sau da yawa akwai adireshinsu a bayansa. Idan ya mutu a yaƙin, shafin hukumar kula da kaburburan sojojin Commonwealth zai ba ka ranar mutuwa da bataliya, wani lokaci har da sunayen iyayensa.