Maigidana ya dawo daga Libiya da tiramol, ko shawara ta waya za ta yi?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Garin Malam nan Damagaram, yarana uku. Baban yara ya yi shekara 2 a Libiya, har an tsare shi wata 5 sai da dangi suka haɗa kuɗi aka sako shi, tunda ya dawo wallahi ba shi ba ne, cikin dare sai ya zabura yana ihu yana gumi, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai jikinsa ya hau ɓari. Kabu-kabu yake yi yanzu kuma ya kama shan tiramol wai don ya iya aiki, ran nan har ya faɗi yana karkarwa bakinsa na kumfa. Inna ta ce iskoki ne, an yi rubutu an yi hayaƙi. Ƙanena kuma ya ce akwai wani mai ba da shawara ta WhatsApp, jikka goma. In biya ne?

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata, Allah ya saka miki da wannan haƙuri. Riƙe jikka gomanki tukuna, don faɗuwar nan da ya yi ita ta fi tsaya mini a rai, kuma ba abin da za a duba ta waya ba ne.

Tiramol magani ne na ciwo mai tsanani, dangin morfin ne, likitoci galibi ba sa wuce miligiram 400 a yini, alhali wanda ake saidawa a tebur da bakin tasha sau da yawa ƙwaya ɗaya 225 ce, kin ga biyu kawai sun riga sun haura. In ya yi yawa a jiki yana jawo irin wannan faɗuwa kamar farfaɗiya, to ki duba mutumin da ke bisa moto da fasinja a baya tsakiyar titin Zango. In ya sake faɗuwa ki kwantar da shi ta gefe, kar a sa masa cokali ko ruwa a baki, in ta wuce minti 5 a ɗauke shi sai likita. Kuma dan Allah kar ki kwashe ƙwayoyin ki zuba a masai ki ce yau an daina, jikin da ya saba in aka yanke masa lokaci guda sai zawo da gumi da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, kwana biyu ya koma ya ƙara fiye da da. A hankali ake ragewa, ma'aikacin lafiya na bi. Ku fara da CSI, wato ƙaramin asibitin kartiyenku, ku gaya wa majo, shugaban ma'aikatan lafiyar wurin, gaskiya, har da adadin da yake sha da ko yana haɗawa da ƙwayar sa barci diyazefam, don haɗin nan yana danne numfashi, majon ne zai tura ku babban asibitin ƙasa na Zinder wajen masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa.

Na san kalmar nan ita za ta sa ya tubure ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Ai ba mahaukaci ba ne. Mutumin da aka kulle aka doka, ya ga ana mutuwa a gabansa ko a hamada, jikinsa ne ya dawo gida amma zuciyar tana can tana gadi, shi ya sa ƙarar ƙofa take zame masa ƙarar bindiga. Ƴan uwanmu na Diffa da Bosso da suka gudo tun harin Boko Haram na 2015 da yawa sun san wannan zabura. Tiramol ɗin marfi ne ya ɗora a kan gyambo, kuma gyambon yana da magani, zama ne da masanin halayyar ɗan Adam, sikolog, galibi sau ɗaya a sati na kamar wata 2 zuwa 3. Inna kuma kar ki yi gardama da ita, addu'a ta ci gaba, ki nemi wani yayansa ko abokin fadarsu da yake jin nauyi ya raka shi, daga bakin namiji ɗan uwansa maganar ta fi saurin shiga.

Ita shawara ta waya ban raina ta ba, masanan nan kaɗan ne ƙwarai a ƙasarmu kuma akwai mazan da ba za su taɓa zama a layi ana kallonsu ba amma a waya sai su saki baki. Bayan an duba shi tana iya amfani, ke ma kanki kina buƙatar mai saurarenki. Sai dai ki tambayi mutumin cikakken sunansa da inda ya yi karatu da inda yake aiki, in ya kama kwana-kwana ko ya ce sati ɗaya zai warkar ko ya fara tallar wani garin magani, rufe wayarki. Kira ya fi saƙon murya, saƙo ana turawa gaba, ga wayar tana yawo hannun yara, ga gidan yawa kowa kunnensa a buɗe.

Abu ɗaya ba ki faɗa ba kuma ina so in ji: yana kai miki hannu ko yaran? In eh ne, ko in ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kar ki jira sati, ki kwashi yaran ki je gidanku ki sanar da manya a ranar, a kai shi asibiti. Ki sake rubuto mini bayan kun ga majo.