Gidan katako a Kanada ko gidan bulo a Ingila: amsa ga mai shirin ƙaura

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Birmingham da matarsa da yara uku ya rubuto cewa ya shafe shekara huɗu da 'yan watanni yana aiki a Ingila da bizar ƙwararrun ma'aikata. Gidan hayar da suke ciki tsoho ne kuma ƙarami, bangonsa yana jiƙewa da hunturu har fumfuna ta fito a ɗakin yara. Yayan matarsa da ke kusa da Toronto yana ta aiko musu bidiyon gidansa mai faɗi, ya kuma haɗa shi da wani ejan da ya ce zai samo masa takardar aiki a Kanada a kan dala 20,000, surukarsa kuwa ta matsa a tafi domin 'yarta ta zauna kusa da yayanta. Yana tambaya ko gidajen katako na can suna da ƙwari, kuma ko rayuwa ta fi sauƙi.

Malam, Allah ya ba yara lafiya. Zan fara da maganar gini tunda ita ka sa a gaba, ko da yake ba ita ce ta fi tayar mini da hankali a cikin wasiƙarka ba.

Ka cire tsoron katako daga ranka. Yawancin gidajen iyali a Kanada da katako ake tayar da su a kan harsashin kankare da aka haƙa ya wuce zurfin da ƙasa ke daskarewa, abin da ya sa kusan kowane gida yake da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Tsakanin katakan ana cusa abin da ke hana zafi fita, tagogi gilashi biyu ne ko uku, kuma akwai na'urar da ke hura iska mai ɗumi zuwa kowane ɗaki. A garuruwa irin su Winnipeg da Edmonton, inda sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, mutum yana yawo cikin gidansa da riga ɗaya. Aibin wannan gini daban ne: bangon ciki siriri ne, ana jin motsin maƙwabci, rufin kan buƙaci sauyi bayan shekara ashirin ko fiye kaɗan, ruwa idan ya shiga katako ɓarnarsa tana da sauri, kuma famfo yana fashewa idan aka bar gida babu ɗumi. Gidan Ingila kuwa jan bulo ne mai daɗewa, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na gidajen ƙasar an gina su kafin 1919, da bango guda wanda babu sarari a tsakiyarsa, saboda haka yana shan ruwan sama daga waje, tururin girki da na shanya kuma ya taru a kansa daga ciki. Ba ƙarfi ne ya yi wa gidanka ƙaranci ba, ɗumi da iska ne.

Kada ka ɗauki fumfunar nan da wasa. A 2020 wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a Rochdale, binciken kotu ya tabbatar cewa fumfunar gidansu ce sanadi. Sai dai maganinta yana nan kusa da kai. Ka rubuta wa mai gidan ƙorafi da hotuna da kwanan wata, idan ya yi kunnen uwar shegu ka kai maganar sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukumarku, domin suna da ikon duba gidan su tilasta gyara. Kusan kowane gidan haya a Ingila yana da takardar EPC mai nuna yadda yake riƙe ɗumi, daga A zuwa G, doka kuma ba ta yarda a ba da hayar wanda ya gaza E ba sai da dalili na musamman. Ka nemi mai C idan za ka sauya gida. Wannan ƙaura ce ta unguwa zuwa unguwa, ba ta buƙatar biza.

Gidan da kake gani a bidiyo kuma ba shi ne gidan da za ka sauka ba. Yayan matarka ya daɗe a can, banki ya san shi, yana da tarihin biyan bashi. Kai za ka isa ne ba tare da wannan tarihi ba, domin na Ingila galibi ba ya bin mutum, kuma sabon zuwa mai yara uku a kewayen Toronto sau da yawa ɗakin ƙarƙashin ƙasa yake samu, mai ƙananan tagogi a saman bango. Wasu daga cikinsu an yi su bisa ƙa'ida, da hanyar tsira idan gobara ta tashi, wasu kuwa mai gida ne kawai ya raba wurin ya sa ƙofa. Danshin da kake gudu yana iya tarar da kai a can.

Game da tsadar rayuwa, kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ɗauki albashin can ya ajiye kusa da na nan ya ga lambar ta fi girma, ya manta cewa fam ɗaya ya kusa dala biyu ta Kanada. Abin da ya kamata ka auna shi ne abin da zai rage a hannunka a ƙarshen wata. Akwai inda Kanada ta fi sauƙi: ɗan haya ba ya biyan harajin gida kamar yadda kake biyan na ƙaramar hukuma a Ingila, kuma a gidajen bene da yawa kuɗin ɗumama yana cikin haya. Amma farashin da ke jikin kaya a shago ba shi za ka biya ba, a Ontariyo, lardin da Toronto take ciki, ana ƙara harajin kashi 13 cikin ɗari a wurin biya a kan yawancin kaya, ban da kayan abinci na yau da kullum, alhali a Ingila harajin yana cikin farashi. A wajen tsakiyar gari mota dole ce, da tayoyin hunturu, da inshora mai tsada ga wanda ba a san tuƙinsa ba. Dokar da ke taƙaita ƙarin kuɗin haya a Ontariyo ba ta shafi gidan da aka fara zama a cikinsa bayan 15 ga Nuwamba 2018 ba, wato sabon ginin da zai burge ka shi ne wanda mai shi yake da damar ƙara maka abin da ya ga dama. Inshorar lafiya ta lardi tana biyan likita da asibiti, amma ga babba mai aiki magani da haƙori galibi sai ta hanyar inshorar wurin aiki. Har kayan lantarkinka da yawa sai ka bar su, domin ƙarfin wutar can volt 120 ne, na nan 230. Ga kuma abin da masu son ziyartar iyaye ba sa lissafawa: a Ingila doka ta ba ka hutun kwana 28 a shekara, a Ontariyo sabon ma'aikaci mako biyu ne hakkinsa.

Yanzu ga abin da ya dame ni. Saura maka ƙasa da shekara ɗaya ka cika biyar ɗin da ake neman izinin zama na dindindin da su, kuma kana iya shigar da takardarka kwana 28 kafin cikar wa'adin. Kuɗinta ya haura fam 3,000 ga kowane mutum, amma da zarar ta fito ka rabu da kuɗin lafiya na fam 1,035 da ake karɓa a kan kowane babba duk shekara, ka rabu da ɗaurin kamfani ɗaya, bayan wata goma sha biyu kuma kana iya neman zama ɗan ƙasa. Idan ka bar aikinka ka tafi yanzu, shekarun nan huɗu sun tafi ke nan. Tun a Mayu 2025 gwamnatin Birtaniya ta bayyana niyyar mayar da wa'adin shekara goma, saboda haka ka riƙa bin shafin hukuma da kanka, kuma ranar da ka cancanta kada ka ƙara ko kwana ɗaya. Abin da ake kiran ka zuwa gare shi izinin aiki ne na wucin gadi da ke ɗaure da mai ɗaukar aiki guda, a ƙasar da a Oktoba 2024 ta rage adadin masu samun zaman dindindin na 2025 daga 500,000 zuwa 395,000. Wannan sakin reshe ne a kama ganye.

Shi kuwa ejan, kada ka ba shi ko sisi. Takardar da yake sayarwa, LMIA, wato shaidar gwamnati cewa ana buƙatar ɗauko ma'aikaci daga waje, mai ɗaukar aiki ne yake nemanta, kuɗinta dala 1,000 ne, kuma haramun ne a dokar Kanada a karɓe su daga ma'aikaci. Daga Maris 2025 ma an cire makin da tayin aiki yake ƙara wa mutum a tsarin Express Entry, wanda ƙwararru ke neman zaman dindindin a Kanada ta cikinsa, saboda cinikin da ake yi da takardar. Na ga wanda ya biya, ya sauka, ya tarar da kamfanin ba ya da aikin da zai ba shi. Na ga wanda aka riƙa biyan sa albashi ta banki yana cire rabi yana mayar wa mai aikin a hannu, bai isa ya yi magana ba domin izininsa a hannun mutumin yake. Na ga kuma wanda ejan ya ƙara masa shekarun ƙwarewa a takarda ba da saninsa ba, hukuncin ƙarya kuwa haramcin shiga ƙasar ne na shekara biyar, kuma a kan mai takarda yake faɗawa. Duk mai karɓar kuɗi ya ba da shawarar shige da fice dole ya zama lauya mai rajista ko mai lasisin CICC, hukumar Kanada da ke kula da masu wannan sana'a, kuma sunayen masu lasisin suna shafinta. Ka tambayi lambarsa, za ka ga yadda zai sauya magana.

Surukarka uwa ce, son ganin 'ya'yanta wuri ɗaya ba laifi ba ne, ka yi mata magana da ladabi. Amma ba ita ce za ta tsaya a gaban jami'in shige da fice ba, ba yayan matarka ne zai ciyar da yara uku ba idan aikin ya zama na bogi, kuma mutumin da ya haɗa ka da mai sayar da takarda, ko da da kyakkyawar niyya ne, bai cancanci ya ji haushi ba idan ka ƙi. Na lura ba ka faɗi ra'ayin matarka ba. Ita ce take goge bangon nan kullum, saboda haka ka zaunar da ita ku yi lissafin tare, alƙalami da takarda, domin idan ta gamsu ita ce za ta fi ka iya shawo kan mahaifiyarta.

Ban ce kada ka je Kanada ba. Ka karɓi izinin dindindin, ka tuna cewa yana faɗuwa idan ka yi shekara biyu a jere a wajen ƙasar, don haka ka jira fasfon Birtaniya idan da hali. A tsakanin nan ka rubuta jarrabawar harshe, ka kai takardun karatunka a tantance, ka buɗe Express Entry da hannunka, wanda shigarsa kyauta ce. Idan za ka kai ziyara ka je a Janairu, ka ce wa yayan matarka ya zaga da kai gidajen haya da albashin sabon zuwa zai iya ɗauka, ka kuma roƙe shi ya nuna maka takardun wuta da gas da inshorar motarsa na watan da ya wuce.